Sequoia Capital: Abin da Jerin Sunayen Apple, Google da WhatsApp Ba Ya Faɗa

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai sayi WhatsApp a kan dala biliyan 19. A lokacin ma'aikatan WhatsApp 55 ne kacal, masu amfani da manhajar kuwa sun kai miliyan 450. Bayan waɗanda suka kafa shi da ma'aikatansa, kamfanin zuba jari guda ɗaya tilo ne ke da babban kaso a ciki, wato Sequoia Capital na garin Menlo Park a jihar Kalifoniya. Ɗaya daga cikin manyansa, Jim Goetz, ya yi watanni yana bin sawun Jan Koum, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, mutumin da ko allon suna bai kafa a ƙofar ofishinsa ba, kuma ba ya ɗokin kuɗin kowa. A 2011 Koum ya amince ya karɓi dala miliyan 8. Daga baya Sequoia ya ƙara, har abin da ya zuba ya kai kusan miliyan 60. Da aka yi cinikin, an ƙiyasta rabonsa a kan dala biliyan 3. Ninki hamsin ke nan cikin shekara uku.

Irin wannan labari shi ake fara kawowa duk lokacin da aka ambaci Sequoia, sai a biyo da jerin sunaye: Atari, Apple, Oracle, Cisco, Nvidia, Yahoo, Google, PayPal, YouTube, LinkedIn, Airbnb, Stripe. Jeri ne mai cika ido, kuma gaskiya ne, duk ya sa kuɗi a cikinsu. Amma a wurina jerin sunaye shi ne mafi raunin hujjar da za a kafa wajen auna kamfanin jarin kasada, wato mai zuba kuɗi a sababbin kamfanoni. Suna ba ya gaya maka yaushe aka shiga, kashi nawa aka riƙe, yaushe aka fita, ko nawa ya koma hannun masu kuɗin na asali. A nan ne ainihin tarihin yake.

Da farko dai, kuɗin ba nasu ba ne. Kamfanin jarin kasada yana buɗe asusu ne ya tara kuɗi daga asusun ajiyar jami'o'i, gidauniyoyin agaji, hukumomin fansho da attajirai, bisa alkawarin juya su na kimanin shekara goma. Abin da aka saba, masu juya kuɗin suna cire kashi 2 cikin 100 duk shekara na ɗawainiya, sannan su ɗauki kashi 20 cikin 100 na riba, waɗanda suka yi suna kuma har 30 suke karɓa. Ba rance suke bai wa sabon kamfani ba. Hannun jari suke saya a cikinsa, don haka idan ya mutu babu wanda zai bi wani bashi. Wanda ya karanta babin ƙiradi a fiƙihu zai ga kamannin: wannan ya kawo uwar kuɗi, wancan ya kawo hannu da basira, riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuma ta hau kan dukiya. Bambancin shi ne a nan mai juya kuɗin ya san tun farko cewa yawancin abin da zai taɓa ba zai yi albarka ba.

Wannan ba zato ba ne. Kamfanin Correlation Ventures ya bi diddigin zuba jari sama da dubu 21 da aka yi a Amurka tsakanin 2004 da 2013, ya gano kusan kashi 65 cikin 100 ba su ko mayar da uwar kuɗi ba. Kashi 4 cikin 100 ne kawai suka ninka sau goma ko fiye. Lissafin sana'ar ke nan. Idan ka sa miliyan ɗaya ta nutse, iyakar asararka miliyan ɗaya. Idan ta dace, babu rufi a samanta. Saboda haka asusu mai kamfanoni talatin yana iya rayuwa a kan guda ɗaya ko biyu, sauran su zama tarihi. Tambayar "sau nawa suka dace?" ba ta da amfani sosai a nan. Tambayar ita ce, a cikin 'yan ƙalilan ɗin kamfanonin da suka girma suka cika duniya a kowane zamani, nawa ne suka samu shiga tun da sassafe?

Don Valentine ne ya kafa Sequoia a 1972, bayan ya yi shekaru yana tallan ƙananan na'urorin lantarki a Fairchild da National Semiconductor. Ɗan kasuwa ne kafin komai, kuma an san shi da fifita girman kasuwa a kan kwarjinin mai kamfani. A 1975 ya sa kuɗi a Atari, kamfanin wasannin bidiyo na Nolan Bushnell. Wani matashi mai suna Steve Jobs ya taɓa aiki a can, da ya tashi neman jari don Apple sai Bushnell ya tura shi wurin Valentine. A 1978 Sequoia ya sa dala dubu 150 a Apple.

To a nan ne jerin sunaye ya fara ruɗin mai karatu. Valentine bai jira ba. A 1979 ya sayar da rabonsa a kan kimanin dala miliyan 6, tun kafin Apple ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 1980. Ninki arba'in cikin abin da bai kai shekara biyu ba riba ce mai tsoka, babu mai musu. Sai dai Apple ɗin da darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya a 2018, Sequoia bai ci komai daga wannan tafiyar ba. Duk wanda ya ce maka "kamfanonin da muka tallafa sun kai darajar tiriliyan kaza" yana faɗar gaskiya ne da ba ta da alaƙa da abin da ya shiga aljihun masu kuɗinsa.

Cisco ya nuna wata fuskar, wadda ta fi shafar masu kafa kamfani. Leonard Bosack da Sandy Lerner, mata da miji da suka fito daga Jami'ar Stanford, sun sha yawo wurin masu jari ana juya musu baya, har Valentine ya ba su dala miliyan 2.5 a 1987 a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na kamfanin, tare da ikon zaɓen shugabanni. Ya kawo John Morgridge ya ɗora shi a kan kujera. A 1990 Cisco ya shiga kasuwar hannun jari, a cikin shekarar kuma aka sallami Lerner, Bosack ya ajiye aiki ya bi ta. Ga masu kuɗin Sequoia wannan na cikin jari mafi albarka da aka taɓa yi. Ga mutum biyun da suka haɗa na'urorin farko a falon gidansu, labarin daban ne. Tarihin kamfanin jari yana da masu karatu iri biyu, wanda zai ba shi kuɗi da wanda zai karɓi kuɗinsa, kuma ba lallai ne shafin da ya faranta wa ɗaya ya faranta wa ɗayan ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin Sequoia shi ne yadda nasarorin suke rataye da juna. Atari ya haifar da Apple. Sequoia ya sa kuɗi a LSI Logic, kamfanin ƙananan na'urorin lantarki na Wilf Corrigan, shi kuma Corrigan a 1993 ya ɗaga waya ya kira Valentine ya ce ga wani tsohon yaronsa nan tafe, a ba shi kuɗi. Yaron shi ne Jensen Huang na Nvidia, wanda da bakinsa yake ba da labarin cewa bayanin da ya yi a ranar bai yi armashi ba, shaidar Corrigan ce ta fisshe shi. Michael Moritz, ɗan yankin Wales wanda ya baro aikin jarida a mujallar Time, ya sa kusan dala miliyan ɗaya a Yahoo a 1995, kuma sunan da ya yi a can ya share masa hanya zuwa Google, inda a 1999 Sequoia da takwaransa Kleiner Perkins suka raba jarin dala miliyan 25 gida biyu. Moritz ya sa kuɗi a PayPal, mai kula da kuɗin PayPal, Roelof Botha ɗan Afirka ta Kudu, ya dawo Sequoia aiki. Da tsofaffin abokan aikinsa uku, Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, suka buɗe wani shafin ɗora bidiyo, shi suka nufa. A Nuwambar 2005 Sequoia ya ba YouTube dala miliyan 3.5, ya ƙara miliyan 8 a shekara mai bi, a Oktobar 2006 kuma Google, wanda shi ma Sequoia ke ciki, ya saye shi a kan dala biliyan 1.65.

Dole mutum ya tambaya: basirar zaɓe ce, ko kuwa nagartattun kamfanoni ne suke kawo kansu? Masana tattalin arziki sun duba wannan. Steven Kaplan da Antoinette Schoar sun nuna a 2005 cewa a wannan sana'a wanda asusunsa na baya ya yi kyau ya fi yiwuwa na gaba ma ya yi kyau, saɓanin masu juya kuɗi a kasuwar hannun jari, inda gwanin bana kan zama kurar baya baɗi. Morten Sørensen kuma a 2007 ya raba dalilin gida biyu, ya gano cewa samun damar shiga kamfanoni masu kyau tun farko ya fi tasiri, da kusan ninki biyu, a kan taimakon da mai jari yake bayarwa bayan ya shiga. Ma'ana, babbar kadarar Sequoia ita ce wayarsa ce ake fara kira. Ban ɗauki wannan a matsayin rage masa daraja ba. Riƙe amanar mutane har su dinga turo maka 'yan uwansu tsawon shekara hamsin aiki ne. Amma ya kamata a kira abin da sunansa, kada a ɗauka wasu mutane ne masu ganin gobe.

Igiyar nan tana yanka ta baya ma. Sean Parker ya kafa wani kamfani mai suna Plaxo da kuɗin Sequoia, aka fitar da shi daga ciki, ya tafi da ƙullin abin a ransa. Inda ya sauka shi ne wurin Mark Zuckerberg na Facebook. Da Sequoia ya nemi ganawa a 2004, Zuckerberg ya zo a makare, cikin kayan barci, ya gabatar musu da dalilan da za su hana su sa masa kuɗi. Daga baya ya ce ya yi nadamar wannan ɗabi'a, amma ƙofa ta riga ta rufe. Kamfanin Accel ne ya sa dala miliyan 12.7 a Facebook a 2005. Asarar da ba a rubuta ta a littafin lissafi irin wannan ta fi ta kamfanoni ashirin da suka mutu nauyi.

Sai batun lokacin shiga. A 2009 Sequoia ya jagoranci jarin kimanin dala dubu 600 a Airbnb, shafin kama masauki a gidajen mutane, lokacin da yawancin masu kuɗi ke ganin babu mai hankalin da zai kwana a gidan baƙon da bai sani ba. Wannan kasada ce ta gaske. Amma Instagram, wanda shi ma ake lissafawa, Sequoia ya shige shi ne a Afrilun 2012 bisa darajar dala miliyan 500, kwanaki kaɗan kafin Facebook ya saye shi a kan biliyan ɗaya. Zoom kuwa sai 2017, shekara shida bayan kafa shi, da dala miliyan 100, lokacin da darajarsa ta riga ta kai biliyan. Duka biyun an ci riba, sai dai ba su ne shaidar iya gano ɗanyen kamfani ba, ko da yake a jerin sunaye kafaɗa da kafaɗa suke da Airbnb.

Akwai kuma riba ta takarda. Kafin kamfani ya shiga kasuwar hannun jari ko a saye shi, darajarsa ita ce farashin da mai jari na ƙarshe ya yarda ya biya. Klarna, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na ƙasar Suwidin, wanda Sequoia ya shiga tun 2010, an yi masa kuɗi dala biliyan 45.6 a Yunin 2021. A Yulin 2022 ya nemi sabon jari bisa darajar biliyan 6.7. Instacart, mai kai cefane gida wanda shi ma Sequoia ya sa wa kuɗi, ya kai biliyan 39 a 2021, da ya shiga kasuwa a Satumbar 2023 kuwa kimanin biliyan 10 aka yi masa. Duk asusun da ya buga ƙirji da alƙaluman 2021 iska ya ƙirga. Shi ya sa masu ba da kuɗin da suka goge suke tambayar abu ɗaya: a kowace dala da na ba ka, nawa ka dawo mini da ita a hannu?

Amsar wannan tambaya kuwa a ɓoye take ga ni da kai. Sequoia ba ya wallafa sakamakon asusunsa, kuma yana tsaron sirrin da gaske. A 2003 ya raba gari da Jami'ar Michigan da Jami'ar Kalifoniya a matsayin masu ba shi kuɗi, domin jami'o'in gwamnati ne, doka na iya tilasta musu bayyana alƙaluman ga jama'a. Abin da duniya ta sani game da ribarsa yawanci daga takardun da kamfanoni ke miƙa wa hukuma lokacin shiga kasuwa ne, da takardun kotu, da abin da 'yan jarida suka tono. Kada kuma a auna sana'ar gaba ɗaya da shi. Gidauniyar Kauffman ta fitar da rahoto a 2012 kan asusu 100 da ta sa wa kuɗi cikin shekara ashirin, ta ce 62 daga ciki ba su kai abin da za ta samu ba da a kasuwar hannun jari ta zuba kuɗin ta kwanta.

Asarori fa? Webvan, mai kai cefane gida, ya tara dala miliyan 375 ranar shigarsa kasuwa a 1999, ya gina manyan rumbuna kafin ya samu masu saye, ya durƙushe a Yulin 2001 da Moritz a kwamitin daraktocinsa. Wannan faɗuwa ce irin ta sana'a: tunanin ya riga zamaninsa, kuma Moritz ɗin ne dai ya koma ya sa kuɗi a Instacart a 2013 bayan wayar hannu ta game gari.

FTX ba irin wannan ba ce, kuma ina ganin kuskure ne a jefa ta cikin kwandon "ai dama yawanci faɗuwa suke". Kasuwar musayar kuɗin kirifto ce ta Sam Bankman-Fried, mai mazauni a tsibirin Bahamas. Sequoia ya shiga a Yulin 2021 lokacin da aka tara mata dala miliyan 900 bisa darajar biliyan 18, jimillar abin da ya sa ta kai dala miliyan 213.5. Wannan ba jaririn kamfani ba ne mai mutum uku da kwamfuta, wuri ne da ke riƙe da ajiyar miliyoyin mutane. Duk da haka Sequoia bai karɓi kujera a kwamitin daraktoci ba, gidan da Valentine ya gina a kan cewa mai kuɗi sai ya zauna a teburin yanke hukunci. A Satumbar 2022 ma ya wallafa dogon rubutun yabo ga Bankman-Fried a shafinsa na intanet, inda aka ba da labarin cewa yana buga wasan kwamfuta a daidai lokacin da yake yi wa manyan Sequoia bayani ta Zoom, su kuma suna ta murna da shi. Wata biyu bayan haka asiri ya tonu cewa an kwashe kusan dala biliyan 8 na masu ajiya an kai wa ɗaya kamfaninsa, Alameda Research. Ranar 9 ga Nuwamba Sequoia ya rubuta wa masu kuɗinsa cewa ya mayar da darajar jarin sifiri, ya kuma sauke rubutun yabon. Ranar 11 FTX ta bayyana karyewarta. John Ray, lauyan da aka ɗora don tattara abin da ya saura, wanda shi ya yi irin wannan aiki a Enron, babban kamfanin makamashi na Amurka da ya karye, ya shaida wa kotu cewa bai taɓa ganin rashin tsarin kula da kuɗi irin wannan ba. A Maris 2024 aka yanke wa Bankman-Fried ɗaurin shekara 25.

A wasiƙar, Sequoia ya nuna cewa dala miliyan 150 da ta fito daga babban asusun da abin ya shafa ba ta kai kashi 3 cikin 100 na kuɗinsa ba, kuma asusun yana da ribar kusan biliyan 7.5, wadda aka karɓa da wadda ke takarda. A lissafi ya yi daidai. Amma sunan Sequoia ba nasa kaɗai yake wa aiki ba. Inda aka gan shi, wasu sukan ɗauka an riga an yi bincike. Temasek na gwamnatin Singafo ya rasa dala miliyan 275 a FTX, asusun fanshon malaman makaranta na lardin Ontario a Kanada ya rasa miliyan 95, kuma kowannensu yana da nasa alhakin rashin dubawa. Ƙasa da su akwai talakawan masu ajiya da ba su da lauya ko akanta, abin da suke iya gani kawai shi ne manyan sunayen da ke tsaye a bayan kamfanin. Har Najeriya zafin ya iso: Nestcoin, wani sabon kamfanin fasaha na 'yan ƙasar, ya sanar a watan nan na Nuwamba cewa kuɗin gudanarwarsa sun maƙale a FTX, ya rage ma'aikata. Wanda yake cin moriyar suna wajen samun kamfanoni masu kyau, a ganina, yana ɗauke da nauyin abin da sunan ya sa wasu suka yi. Manyan Sequoia sun kira taro sun ba masu kuɗinsu haƙuri, amma masu ajiyar ba sa cikin waɗanda aka kira taron.

Duk da wannan, ba zan ce tarihin sa'a ce kawai ba. Sa'a tana iya bayyana asusu ɗaya, ko mutum ɗaya, ko zamani ɗaya. Sequoia ya dace a zamanin ƙananan na'urori da kwamfutar tebur, ya dace a zamanin intanet, ya sake dacewa a zamanin wayar hannu, kuma a hannun mutane daban-daban. Valentine ya miƙa ragama ga Moritz da Doug Leone a 1996 yana da sauran ƙarfinsa, bai ma sa wa kamfanin sunansa ba tun farko, ya ba shi sunan wata doguwar bishiya mai daɗewa ta Kalifoniya. Takwarorinsa da yawa na shekarun 1970 da 1980 sun dusashe bayan tafiyar waɗanda suka kafa su.

Sai dai kamfanin da ya kafa wancan tarihi ba shi ne na yau ba. Asusun farko na Valentine 'yan miliyoyi ne, yau maganar gomman biliyoyi ake yi, kuma ninka biliyan sau hamsin ba ɗaya ba ne da ninka miliyan sittin irin na WhatsApp. Kuɗi mai yawa yana tilasta shiga manyan cinikayya a makare, irin dala miliyan 800 da ya sa lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022. A Oktobar 2021 ya sauya tsarinsa na Amurka da Turai zuwa asusu marar wa'adi, domin ya ci gaba da riƙe hannun jarin kamfanoni bayan sun shiga kasuwa, wato gyaran abin da ya faru da Apple. Sauyin ya zo ana dab da faɗuwar farashin kamfanonin fasaha ta 2022, ya riƙe kaya a lokacin da sayarwa ta fi. A Yunin 2023 kuma, tsamin dangantakar Amurka da Sin na ƙaruwa, ya sanar da rabuwa gida uku. Reshen Sin na Neil Shen, wanda ya sa kuɗi a Meituan da Pinduoduo da ByteDance mai TikTok, ya koma HongShan. Reshen Indiya da kudu maso gabashin Asiya ya koma Peak XV Partners. Wani kaso mai kauri na ribar shekarun 2010 daga Sin ya fito, kuma yanzu yana ƙarƙashin wani sunan. A watan da ya biyo baya Moritz ma ya bar kamfanin bayan kusan shekara 38.